Kumbon Da Aka Ce Yana Ɗauke Da Ayoyin Alƙur'ani: Darasi Ga Muridi

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W) da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda ga Maulanmu Shehu Ahmadu Tijjani da Sahibul Faila Shehu Ibrahim Inyass da sauran waliyyan Allah baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, wata magana tana yawo tsakanin matasa masu karatun boko, a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da ma garuruwanmu, daga Baleyara har Filinge. Cewa ake yi wai abin da mutanen dā suka kira mala'iku da wahayi, wasu baƙin halittu ne daga wasu duniyoyi da suka sauko da jiragensu, suka koyar da ɗan Adam, suka koma. Gajerun bidiyo ne ke kawo ta cikin salula, da Faransanci, da kiɗa mai sa gaban mutum ya faɗi. Yaron da ya tashi a zawiya zai kalla ya yi dariya, amma sai a bar masa ɗan ƙaiƙayi a zuciya wanda yake jin kunyar kai wa muƙaddaminsa. Saboda irin wannan ɗan'uwa na ga ya kamata mu ɗauki misali ɗaya daga inda maganar ta fi kyan tsari, mu warware shi zare-zare.

Misalin shi ne shirin talabijin na Amurka mai dogon zango, The X-Files, wanda masu kallo da Faransanci suka sani da Aux frontières du réel. Chris Carter ne ya ƙirƙiro shi, aka fara nuna shi a 1993. Jami'an binciken FBI biyu ne a cikinsa: Mulder, wanda ya yi imani da baƙin sama, da Scully, likita, wadda ba ta yarda da abu sai ta auna shi. A shekarar 1999 aka nuna kashi uku a jere masu labari ɗaya: Biogenesis ranar 16 ga Mayu, The Sixth Extinction ranar 7 ga Nuwamba, sai Amor Fati ranar 14 ga Nuwamba.

Labarin a yankinmu na Afirka ta Yamma aka dasa shi. A bakin teku a Kwaddibuwa wani malamin jami'a ya samu gutsattsarin ƙarfe masu rubutu. Da ya kusanta biyu sai suka manne da kansu, suka tashi sama, suka je suka kafe a cikin littafin Baibul da ke ɗakinsa. Aka kai kwafin rubutun Amurka, Mulder ya dube shi, daga nan kansa ya rikice: ya fara jin tunanin mutane kamar ana magana a kunnensa, har aka kulle shi a asibitin masu taɓin hankali. Scully ta bi sawu har Kwaddibuwa, ta tarar da ƙaton kumbo binne a rairayin bakin teku, jikinsa duk rubutu. Da aka fassara, sai ga taswirar ƙwayoyin halittar ɗan Adam a wani gefe, a ɗaya gefen kuma nassoshin addinai, har da abin da abokiyar aikinta, Dakta Amina Ngebe, ta ce daga Alƙur'ani yake, a kan ranar Alƙiyama. Fāra ta cika tantinsu, ruwan teku ya zama ja kamar jini, matattun kifaye suka motsa, wanda aka kashe ya tashi. Daga baya aka nemi kumbon aka rasa. Abin da shirin ke raɗa wa mai kallo a fili yake: halittarka da littafinka duk daga waɗannan baƙi suka zo. (Bakin tekun ma na Kalifoniya ne, can aka ɗauki hoton, ba su taka ƙasar Kwaddibuwa ba.)

To, farkon abin da ɗalibin tauhidi zai lura da shi shi ne tambayar tana nan inda take, an dai matsar da ita gaba da taki ɗaya. Idan baƙi ne suka ƙagi ɗan Adam, su wa ya ƙage su? Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Ummul Barahin ta Imam Sanusi ya san hukuncin abin da yake da jiki, yake cika wuri, yake tashi daga nan ya koma can, yake buƙatar jirgi kafin ya tsallake tazara. Fararre ne, kuma kowane fararre yana buƙatar wanda ya farar da shi. Ko da za ka jera baƙi dubu, kowane yana halittar na ƙasa da shi, dole jerin ya tuƙe ga Wanda bai da farko, bai yi kama da fararru ba, Ya tsayu da kanSa. Shi muke kira Allah. Wanda ya ƙera kumbo maƙeri ne, komai gwanintarsa, ɗan'uwan maƙeran da ke baje kayansu a kasuwar Lahadi ta Baleyara ne, da ƙarfen da ya tarar yake aiki.

Kuma kada wani ya ɗauka Musulmi yana tsoron a gano rayuwa a wata duniya. Aya ta 29 a Suratush Shura ta lissafa cikin ayoyin Allah abin da Ya watsa na masu motsi a sammai da ƙasa, Imam Fakhruddin Razi kuwa, wanda ya rasu a 1210, ya yi dogon bayani cewa ikon Allah bai tsaya a wannan duniya tamu ɗaya ba. In akwai su, bayi ne irinmu. Mu da muka yi imani da mala'iku da aljannu tun muna makarantar allo, sabon baƙo ba zai firgita mu ba.

Inda na fi so mu daɗe shi ne maganar rubutun nan na jikin ƙarfe, domin Alƙur'ani ya riga ya ba da labarin masu irin wannan buri. A Suratul Isra'i, daga aya ta 90 zuwa ta 93, mushirikan Makka sun jera sharuɗɗan da za su sa su yi imani, na ƙarshe shi ne Manzon Allah (S.A.W) ya hau sama ya sauko musu da littafin da za su karanta da idonsu. A Suratul An'am, aya ta 7, Allah Ya sanar da mu cewa ko da an saukar da rubutun a takarda sun shafa shi da hannuwansu, masu kafirci za su kira shi sihiri. Ku dubi Scully a bakin teku. Ga rubutu daga sama, ta taɓa shi da hannunta, ta ɗauki hotonsa, ta kwana tana kwafa harafi bayan harafi. An gaya mata wannan layin yana magana a kan ranar hisabi. Me ya ƙaru da ita? Ta rubuta shi a littafin bincikenta ta wuce layi na gaba. Marubutan shirin, ba da niyya ba, sun yi mana tafsirin ayar a aikace. Hujjar da ake shafawa da hannu tana iya cika ido ta bar zuciya yadda ta same ta.

Allah cikin hikimarSa bai aiko da Alƙur'ani a jikin allon ƙarfe ya faɗo a sahara a tsinta ba. A kan zuciya aka saukar da shi, zuciyar mafificin halitta, cikin shekara 23, aya tana sauka a kan abin da ya faru, mutane suna ganin yadda wanda aka saukar wa yake aiki da ita a gidansa da kasuwa da fagen yaƙi. Daga bakinsa sahabbai suka karɓa, daga bakinsu tabi'ai, haka har ya iso ga malamin da ke zaune gaban wutar kara da daddare a ƙauyukan Tagazar da Kurfai, yana biya wa yara da ruwayar Warshu. Yaro ya rubuta a allo da tawada, ya hardace, ya wanke allon. Rubutun ya tafi, karatun yana ƙirji. Kumbon fim da ya ɓace sai aka rasa komai, domin babu wanda ya karɓa daga wani. Wannan sarƙa ita ake kira isnadi, kuma ita ce dai muke riƙe da ita a ɗariƙa: babu mai ɗaukar wuridi daga littafi ko daga salula, sai ya karɓi izini daga muƙaddamin da shi ma ya karɓa, har a kai ga Shehu (R.T.A). Zargin cewa wani ne yake koya wa Annabi (S.A.W) kuwa tsoho ne, Suratun Nahli aya ta 103 ta ambace shi ta kuma rusa shi. A Makka wani ba'ajame suka nuna da yatsa, yau wata tauraruwa ake nunawa.

Me ya sa Afirka ta Yamma? A ganina daga wata tsohuwar rijiya suka ɗebo. A 1968 Erich von Däniken ya fitar da littafin da ya yaɗa ra'ayin cewa baƙin sama ne suka gina manyan abubuwan mutanen dā. A 1976 Robert Temple ya fitar da The Sirius Mystery a kan Dogon na ƙasar Mali. Ya dogara da abin da Bafaranshe Marcel Griaule da Germaine Dieterlen suka wallafa a 1950, cewa dattawan Dogon sun san tauraron Shi'ira yana da ƙaramin abokin tafiya wanda ido ba ya gani, mai zagaye cikin shekara 50. Turawa ba su hango wannan ƙaramin tauraro da madubin hangen nesa ba sai 1862. Temple ya yanke cewa baƙi daga Shi'ira ne suka gaya musu. Sai dai Walter van Beek, ɗan ƙasar Holan, wanda ya yi shekaru yana zama cikin Dogon, ya wallafa a 1991 cewa ya bincika bai sami wannan ilimi a wajensu ba. Masu bidiyon salula ba sa kawo wannan ɓangaren. Kuma akwai raini a ƙarƙashin ra'ayin gaba ɗaya: in baƙar fata ya san wani abu ko ya gina wani abu, sai an nemo masa malami daga sama. Abin mamaki, wannan ƙasa ta Banjagara da suke nema wa baƙi, nan ne labarin Shehu Umaru Futi ya tuƙe a kogon Degembere a 1864, nan kuma Cerno Bokar ya karantar har ya rasu a 1940. Shi'irar kanta Alƙur'ani ya ambace ta da suna a Suratun Najmi, aya ta 49, domin wasu Larabawa sun bauta mata, aka sanar da su tana da Ubangiji.

Mu mutanen wannan yanki ya kamata mu fi kowa saurin gane yadda abin yake aiki, domin ya faru a ƙofar gidanmu. Wajen 1925, lokacin da mulkin Faransa ya matsa wa talakawa da haraji da aikin tilas, wasu sababbin iskoki suka bayyana a borin ƙasar Kurfai, ta hannun wata mata mai suna Shibo daga Shikal. Su ne Babule, waɗanda Zabarmawa ke kira Hauka. Iskokin nan da siffar sojoji da gwamna suka zo, suna fareti, suna sara wa juna, suna kwaikwayon maganar Nasara. Kwamandan Crocicchia ya sa aka kama mabiyansu aka kulle a Yamai, ba a jima ba shi ma ya shiga jerin iskokin da sunan Kwamandan Mugu. Abin ya bi 'yan ci-rani har Akkara, inda Jean Rouch ya ɗauke su a fim ɗinsa Les Maîtres fous na 1955. Ba na kawo wannan don in yi wa kakannin kowa dariya ba, mutane ne da aka danne suka nemi mafita. Abin lura shi ne ɗan Adam, in ya tashi siffanta gaibu da kansa ba tare da wahayi ba, rigar wanda ya fi ƙarfi a zamaninsa yake ɗinka masa. A Kurfai ta 1925 mai ƙarfi shi ne mai bindiga da hular kwano, sai gaibu ya zo da kaki. A Amurka ta 1999 mai ƙarfi shi ne mai kumbo da ɗakin gwaje-gwaje, a daidai shekarun da masana ke tseren kammala taswirar ƙwayoyin halittar ɗan Adam, sai gaibu ya zo da ƙarfe mai walƙiya ɗauke da wannan taswira.

Sai halin Mulder, wanda ya shafe mu kai tsaye, mu masu neman buɗi. An yaye masa wani labule, yana jin abin da ke zukatan mutane. A idon jahili wannan kashafi ne, karama ce. Amma ku dubi abin da ta haifar: ba ya barci, ba ya iya magana, yana ihu a ɗakin da aka kulle shi. An ɗura tekun ruwa a tulun da ba a gasa ba. Malaman tasawwufi sun daɗe da rarrabe buɗi na haske da buɗi na duhu, sun kuma ce saɓa wa al'ada yana bayyana a hannun annabi ya zama mu'ujiza, a hannun salihi ya zama karama, a hannun fasiƙi ya zama istidiraji, wato talala. Abin da ya bayyana yana iya zama iri ɗaya, ma'auninsa shi ne istiƙamar mai shi. Shi ya sa tarbiyya ba ta yiwuwa sai a hannun shehi kamili wanda ya san gwargwadon abin da muridi zai iya ɗauka, kuma shi ya sa Shehu Ibrahim (R.T.A) ya rubuta Kashiful Ilbas yana ɗaure ma'arifa da Alƙur'ani da Sunna. Shehu Tijjani (R.T.A) da kansa ya umarci almajiransa su auna duk maganar da aka jingina masa da ma'aunin shari'a, su bar wadda ta saɓa. Mun san akwai matasa da suka ɗanɗani wani hali a zikiri, suka fito suna furta maganganun da ke jawo wa ɗariƙa zagi, wasu har suna wasa da salla da sunan haƙiƙa. Wannan da Mulder na asibiti ciwonsu ɗaya. Wanda ya ga wani abu ko ya ji wani abu a halwarsa, wurin kai shi gaban muƙaddami ne, a keɓe, ba dandalin shayi ba.

Kashi na ukun ya fi sauran zurfi. Babban maƙiyin Mulder, dattijon nan mai yawan shan taba, ya ɗauke shi daga asibiti ya kai shi wata unguwa mai lafiya. Ya ba shi gida, ya sami mata da 'ya'ya, waɗanda ya ɗauka sun mutu ya same su da rai, aka ce masa ya huta, ya sauke kayan duniya daga kansa. Ya tsufa cikin jin daɗi. Ashe duk mafarki ne: jikinsa yana kwance a kan teburin tiyata ana fasa kansa, duniyar kuma a bayan labulen tagar tana ci da wuta. Sai da Scully ta shigo cikin mafarkin ta yi masa faɗa mai zafi sannan ya farka. David Duchovny, wanda ya fito a Mulder kuma ya rubuta kashin tare da Carter, ya aro tsarin daga littafin Nikos Kazantzakis a kan jarrabawar ƙarshe ta Almasihu, shi ya sa aka shimfiɗa Mulder hannuwa a buɗe kamar a kan gicciye. Mu aƙidarmu a kan Annabi Isa (A.S) sananniya ce, ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba. Amma abin da suka gano game da Shaiɗan daidai ne. Ba kullum yake zuwa wa mai himma da giya da caca ba. Yakan zo da hutu, ya ce ka yi ƙoƙari, ka isa, sauke. Ku tuna ƙissar Shehu Abdulƙadir Jilani (R.T.A) da wani haske ya cika masa sararin sama, murya ta ce ita ce Ubangijinsa, ta kuma ce an halatta masa abin da aka haramta. Nan take ya nemi tsari ya kore shi, hasken ya koma hayaƙi. Da ilimin shari'a ya gane shi, domin ya san ba a sauke wa kowa umarni da hani matuƙar yana da rai da hankali. Mulder bai da wannan ma'auni, sai da aboki na gaskiya ya zo ya girgiza shi. Mu an haɗa mana biyun, ga ilimi, ga 'yan'uwan da in ba su gan ka a wazifa kwana biyu ba za su biyo ka gida.

Sunan kashin, Amor Fati, Latinanci ne, ma'anarsa son ƙaddara. Bajamushe Friedrich Nietzsche ne ya shahara da kalmar tun 1882, kuma a littafin da ya fara kawo ta, a nan ne ya yi shelar cewa zamaninsa ya rabu da Allah. Ɗalibin da ya ci karo da ita a ajin falsafa yana iya cewa ai wannan ita ce yarda da ƙaddara da ake koya mana. Akwai tazara mai nisa. Shi yana kiran mutum ya so abin da ya same shi alhali a wurinsa babu wanda ya hukunta shi, babu hikima a bayansa, babu wanda za a kai wa kuka, ƙarfin hali ne kawai na wanda ya ga ba makawa. Rida a wurin mutanen Allah reshe ce ta soyayya: bawa ya san Wanda ya ƙaddara, ya san Mai rahama ne Mai hikima, sai ɗacin abin ya zo masa daga hannun da yake so. Saboda haka ridarsa ba ta hana shi addu'a, ba ta hana shi neman magani, ba ta hana shi gyara abin da zai iya gyarawa.

Wannan ba maganar littafi ba ce a wurinmu. Manomin Dallol Bosso yana shuka hatsi da ruwan farko, ruwa ya ɗauke, shuka ta ƙone, ya sake neman iri ya sake shukawa, ya fita roƙon ruwa tare da jama'a. 'Yan'uwanmu da rashin tsaro ya raba da garuruwansu a arewacin jihar Tillaberi, da yawansu sun bar rumbu da dabba sun fito da abin da ke jikinsu, kuma za ka same su a sahun gaba da asuba, ka gaishe su su amsa da godiyar Allah, sannan su tashi su tafi neman abin da yara za su ci. Wanda yake da hali a cikinmu, haƙƙinsu a kansa shi ne mudun hatsi da wurin kwana da sa 'ya'yansu a makaranta, kafin ya karanta musu babin haƙuri.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci, Ya tsare mana imaninmu da na ƙannenmu, Ya ba mu buɗi na haske tare da istiƙama, albarkar Annabi Muhammadu (S.A.W). Amin.